Ranar da Yaro Ya Fara Zuwa Makaranta: Amana ce a Wuyan Uwaye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da hankali, Ya buɗe masa ƙofofin sani, Ya sanya ɗiya su zama sanyin idon uwayensu kuma jarrabawa a gare su. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ga watan Oktoba ya kama. Damina ta ɗauke ƙafa, hatsi ya nuna, manoma suna ɗaurin damma, makarantu kuma sun buɗe ƙofofinsu a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da sauran garuruwa da ƙauyukan ƙasarmu Nijar. A cikin taron yaran da ke cika hanyoyi da sassafe akwai waɗanda wannan ne zuwansu na fari. Ana gane su daga nesa: jakar ta fi bayansu faɗi, sun ƙanƙame hannun yayansu ko gefen zanen uwarsu, wani yana tsalle don murna, wani hawaye sun wanke masa fuska. Mu manya muna iya ɗaukar wannan safiya kamar kowace safiya, amma shi yaron ba zai manta da ita ba har tsufansa. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Don haka muka ga ya kamata mu tunatar da kanmu da ku abin da addini yake nema daga gare mu a wannan rana.

Yadda uwar Imamu Malik ta yi

Mafi yawanmu a ƙasar nan bisa mazhabar Imamu Malik muke, Allah Ya yi masa rahama. Mun san shi a matsayin limamin Madina, mai littafin Muwaɗɗa, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira. Kaɗan daga cikinmu ne suka san yadda ya fara. Alƙali Iyal ya kawo labarin a cikin littafinsa na tarihin malaman Malikiyya: ranar da Malik yana yaro ya shaida wa mahaifiyarsa cewa yana son ya tafi neman ilimi, sai ta kira shi ta sa masa tufafin da masu karatu suke sawa, ta ɗora masa hula, ta naɗa masa rawani da hannunta, sa'annan ta sallame shi. Ta kuma umurce shi da ya tafi wurin Malam Rabi'atu, ya fara koyon ladabinsa tukuna kafin iliminsa.

Ku dubi wannan baiwar Allah. Ta san ranar babba ce, ta kuwa girmama ta a idon ɗanta. Ta zaɓa masa malami, ba ta bar shi ya faɗa hannun duk wanda ya samu ba. Ta kuma nuna masa abin da zai fara nema. Waɗannan abubuwa uku ba sa bukatar dukiya, kuma babu uwar da ta fi ƙarfinsu, ko a birni take ko a tungar makiyaya.

Wanda talauci ya sa yake jin kunyar kai ɗansa, sai ya tuna da Imamu Shafi'i. Maraya ne, ya tashi a Makka a hannun mahaifiyarsa, ba ta da abin da za ta ba malamin makaranta. Malamin ya yarda ya riƙa kula masa da yara in ya tashi, a madadin kuɗin. Da ya girma kaɗan, rashin kuɗin takarda ya sa yana rubuta karatunsa bisa ƙasusuwa. Yau ga sunansa ya cika duniyar Musulmi, waɗanda suka fi shi sutura a wancan zamani kuwa ba a san ko sunayensu ba.

Abin da muka taras a gidajenmu

Babu gidan da ba shi da labarin makaranta. In dare ya yi aka zauna tsakar gida, tsofaffi sukan ba da labarin ranar da aka kai su gaban malamin allo. Uba ne yake riƙe da hannun ɗansa, uwa ta soya waina ko ta dama gumba a kai a raba wa almajirai sadaka. Malam ya ɗauki sabon allo, ya tsoma alƙalamin gamba cikin tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro, ya rubuta baƙaƙen fari, yaro ya bi shi da baki: alu, ambaki, wau, zal. Daga babbaƙu a shiga farfaru, daga nan a kama surori. Sukan tuna da kuɗin Laraba, da hutun Alhamis da Juma'a, da karatun dare a bakin wutar kara lokacin sanyi, da daɗin ranar da malam ya ce a wanke allo. Wanda Allah Ya nufa ya kai ga sauka, ba ya manta allon zayyana da ragon da aka yanka.

Labarin lakwal kuwa daban yake. Kakanninmu sun shaida mana cewa a zamanin Turawan Faransa, in dogaran sarki suka shigo gari ɗaukar yara, gari yakan ruɗe kamar an yi mutuwa. Wasu suka ɓoye ɗiyansu cikin rumbu, wasu suka tura su daji wurin dabbobi, wasu masu hali suka ba da ɗiyan barorinsu ko marayun da suke riƙo a madadin nasu. Ba mu zargin su, domin sun ga makarantar a hannun wanda ya ci ƙasarsu da yaƙi, sun ji tsoron ta raba ɗiyansu da salla. Amma kowa ya san ƙarshen labarin a garuruwa da dama: yaron da aka bayar don a tsirar da wani, shi ne ya dawo mushe, ko akawu, ko likita, wanda aka ɓoye cikin rumbu kuma ya zo wurinsa a karanta masa takarda.

Mu da muka shiga bayan samun ƴancin kai a 1960 muna da namu. Muna tuna yadda ake auna shekarun yaron da ba shi da takardar haihuwa: a ce ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnensa na ɗaya gefen, in ya kamo ya isa shiga. Muna tuna allon arduwaz da guntun alli, da tsumman gogewa, da littafin Mamadou et Bineta da ya bi hannun yayye kafin ya iso ga ƙanne. Muna tuna da sambol, wato ƙashi ko guntun iccen da ake rataya wa duk wanda aka kama yana magana da harshen uwarsa a farfajiyar makaranta, ya yi ta kasa kunne ko wani zai yi Hausa ya sauke masa. Akwai dariya a cikin waɗannan labarai, akwai kuma ɗaci.

Makarantu biyu, yaro ɗaya

Har yau akwai masu ganin cewa wanda ya kai ɗansa boko ya juya wa allo baya, akwai kuma masu ganin allo ɓata lokaci ne ga yaron da ke lakwal. Duka biyun sun yi kuskure. Wahayin farko da ya sauko wa Manzon Allah (S.A.W.) a kogon Hira umurni ne da karatu, kuma an ambaci alƙalami a cikinsa. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta biyu bayan Hijira, akwai fursunonin Ƙuraishawa da ba su da dukiyar fansar kansu, sai aka sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu. Mushirikai ne, jiya-jiya suka zare takobi a kan Musulmi, amma hakan bai hana a zaunar da ɗiyan Ansaru a gabansu su karɓi abin da yake da amfani ba. Haka kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci Zaidu ɗan Sabit, yana saurayi, da ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙun da ke shiga tsakani, ya kuwa ƙware cikin kamar rabin wata. Wannan Zaidu shi ne wanda Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Koyon rubutun wasu mutane bai rage masa komi ba a addininsa.

Magabatanmu a ƙasar nan sun gane haka, shi ya sa aka buɗe madarasa ta farko mai haɗa Larabci da Faransanci a garin Sayi a 1957, garin da daga baya, a 1986, Jami'ar Musulunci ta fara aiki a cikinsa. A 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara karantar da yara da Hausa a Damagaram, abin da ya nuna cewa harshen da aka taɓa rataya wa yaro ƙashi saboda shi yana iya ɗaukar lissafi da rubutu. Al'umma tana bukatar limami, tana kuma bukatar ungozomar da ta yi karatu, da mai duba lafiyar dabbobi, da mai auna rijiya. Malamai sun sanya irin waɗannan ilimomi cikin farillan kifaya: in wasu suka ɗauka an sauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Sanin abin da salla da tsarki ba sa inganta sai da shi kuwa farilla ce bisa kowane mutum shi kaɗai, babu wanda zai ɗaukar wa wani.

Saboda haka ranar da yaro ya shiga aji na fari kada ta zama ranar da ya yi ban kwana da allonsa. Shekarun shiga lakwal, shida zuwa bakwai, su ne shekarun da aka umurce mu mu fara hore shi da salla. A duba masa lokaci, da asuba ko bayan la'asar ko tsakanin magariba da lisha, gwargwadon ƙarfinsa, ba tare da an ɗora masa abin da zai sa ya ƙi duka biyun ba. Shehu Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, ya rubuta ta ne domin a koyar da ƙananan yara, kuma a farkonta ya kamanta koyar da yaro da sassaƙa bisa dutse. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada mu sa tsoro ya riga yaro zuwa aji

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Yaro ya yi ɓarna, sai a ce masa: bari a buɗe lakwal, mushe zai yi maganinka. Baba ya zauna yana ba da labarin bulalar da ya sha, yana nuna tabo kamar lambar yabo. Yayye su ƙara gishiri. Sai yaron ya isa ƙofar aji zuciyarsa ta riga ta cika da firgita, sa'annan mu yi mamakin kukansa. Labaran makaranta gado ne, kuma mai hankali yana zaɓen abin da zai ba ɗansa daga cikin gadon. Mu ba shi labarin abokan da muka samu, da ranar da muka fara rubuta sunanmu, da malamin da ya yi mana alheri muke yi masa addu'a har yau. Labarin bulala ya jira sai ya girma.

Ga malamai kuma, na allo da na boko, muna tunatar da ku cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima shekara goma tun yana yaro, kuma ya shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa bisa abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta shaida cewa hannunsa bai taɓa dukan mace ko mai hidima ba. Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi musamman a kan ladubban malaman yara. A cikinsa ya iyakance horo, ya hana a wuce bugu uku sai da izinin uba, ya kuma wajabta wa malami ya daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Ibnu Khaldun ya keɓe babi a cikin Muƙaddima inda ya bayyana cewa tsanani yana cutar da mai koyo, yana kashe masa himma, yana koya masa ƙarya da yaudara domin ya tsere wa hannun da ke dukansa. Yaron da ya zo yau bai san dokar aji ba, wataƙila bai taɓa jin kalma ɗaya ta harshen da za a yi masa magana da shi ba. Fuskar da kuka tarbe shi da ita, ita ce fuskar ilimi a wurinsa.

Sa'annan mu kiyayi yi masa ƙarya don ya yi shiru. Uwa takan ce: zauna nan, yanzun nan zan dawo da alewa, alhali ta san ba ta dawowa. An ruwaito cewa wata mata ta kira ɗanta da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (S.A.W.) yana zaune a gidan, sai ya tambaye ta me za ta ba shi. Ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komi ba, da an rubuta mata ƙarya. A faɗa wa yaro gaskiya: ga lokacin da za a tashi, ga wanda zai zo ɗaukarsa. A kuma cika.

Wa aka kai, wa aka bari?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. A gidaje da yawa, safiyar da aka wanke ɗa namiji aka sa masa sabuwar riga, a safiyar ne aka ɗora wa ƴar'uwarsa, sa'arsa, faranti na talla, tana tsaye bakin zaure tana kallon bayansa. A wasu gidajen ɗiyan amarya ne ke da jaka da takalmi, na uwargida kuwa sai Allah. A wasu kuma marayan da ake riƙo shi ne mai ɗibar ruwa da kiwon awaki. Mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya taɓa ba shi kyauta shi kaɗai ban da ƴan'uwansa, ya zo neman Manzon Allah (S.A.W.) ya zama shaida, sai ya ƙi, ya kira abin zalunci, ya yi umurni da adalci tsakanin ɗiya. In haka ne a kyautar dukiya mai ƙarewa, ina ga ilimi?

Shifa'u ɗiyar Abdullahi ita ce ta koya wa Nana Hafsa, matar Annabi (S.A.W.), rubutu, da saninsa da yardarsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, a yankin da yake cikin Nijar a yau, ya yi kakkausan suka ga malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da ɗiyansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta zama malama mai rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajis suke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka. Wanda ya hana ɗiyarsa karatu da sunan addini, ba daga waɗannan ya koyo ba. Gobe in matarsa ta kwanta asibiti ya ce sai mace ce za ta duba ta, sai mu tambaye shi: ɗiyar wa kake so ta yi karatun?

Ajin da muke tura su

Dubban ɗiyanmu a rumfunan zana da kara suke karatu, wasu ma ba su fara sai an gama girbi an samu karan kafa rumfar. Ba mu manta ba, a watan Afrilu na 2021 wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu, mafi yawansu ƙanana ƙwarai. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka yi irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya sa su zama masu ceton uwayensu. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya koya mana imani da ita shi ne ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sa'annan ya dogara ga Allah. Nauyin gina azuzuwa yana bisa magabata, kuma ya kamata a yi ta tunatar da su. Mu ma muna da namu kason. Unguwar da take iya tara kuɗin bene ga masallaci tana iya tara na bulo ga aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ajin da aka gina don Allah sadaka ce mai gudana.

Nasiha a taƙaice

Na ɗaya, uba ya kai ɗansa da ƙafarsa in yana da hali, ya gaisa da malamin, ya san sunansa, ya ga inda yaron zai zauna da hanyar da zai bi. Awa ɗaya da aka bar kasuwa ko gona ba ta rage arziki.

Na biyu, a gyara niyya, a kuma koya wa yaro ya fita da sunan Allah. Uwaye su yi masa addu'a yana ji, domin addu'arsu ga ɗansu tana cikin waɗanda ba a mayarwa.

Na uku, kada ya fita da yunwa. Ko kunu ne, ko sauran tuwon jiya, cikin da babu komi ba ya riƙe karatu. Abin da za a ciyar da shi kuma ya zama halal.

Na huɗu, a nema masa takardar haihuwa tun yanzu, kada a jira sai shekarar jarrabawa a shiga neman shaidu.

Na biyar, wanda Allah Ya hore wa, in ya sayi kaye da alƙalami ga ɗansa, ya ƙara na maraya ko na ɗan maƙwabci. Ɗa na kowa ne.

Na shida, in ya dawo a saurare shi. A tambaye shi abin da ya gani da wanda ya zauna kusa da shi. Ko uwa ba ta iya karatu ba, ta karɓi allon ta duba, ta sa masa albarka. A ci gaba da haka har ƙarshen shekara, domin shuka ba ta isa ba sai da noma.

Ya ku ƴan'uwa, Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da mu cewa kowanenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya kuma sanar da mu cewa ɗa nagari mai addu'a yana cikin abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Yaron da muke riƙe da hannunsa yau shi ne zai tsaya bakin kabarinmu gobe, kuma abin da muka sa a bakinsa shi zai karanta mana.

Ya Allah, Ka buɗe ƙirazan ɗiyanmu, Ka ba su ilimi mai amfani da ladabi mai kyau. Ka tsare su a hanyar zuwa da ta dawowa. Ka sanya tausayinsu a zukatan malamansu, Ka saka wa malaman da alheri. Ka jiƙan waɗanda suka koya mana baƙaƙen fari, da uwayen da suka riƙe hannunmu suka kai mu. Ka ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya da damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.